Tambaya da Amsa: Waye Ke Sa Ido a Kan Kamfanonin Inshora?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ina da tambaya, watan da ya wuce na bugi motar wani bawan Allah a hanyar Samaru, laifina ne ban musa ba, na ɗauko takardar inshorar da aka haɗo min lokacin da na sabunta takardun mota na je kamfanin da sunansu ke jiki suka ce wai su ba su san da ita ba. Shin gwamnatin jiha ce zan kai wa ƙara ko ina? Kuma tawa motar da ta lotse za su gyara min? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya kiyaye gaba. A Najeriya harkar inshora ba ta hannun jihohi, tsarin mulki ya sa ta cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, saɓanin Amurka inda kowace jiha ke da nata kwamishinan inshora. Mu nan hukumar inshora ta ƙasa ce, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfani lasisi, ita ke ƙwacewa, kuma tana da sashen karɓar koke. A 2025 ma aka sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye ta 2003, ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rayuwa zuwa naira biliyan 10, na motoci da gobara da makamantansu biliyan 15, don kar kamfani ya tara kuɗin mutane ranar biya kuma ya ce babu.

Amma gaskiya ɗan'uwa ina jin matsalarka ba ta kamfanin ba ce, da alama ta bogi aka haɗa maka. Nawa ka biya? Tun Janairun 2023 kuɗin inshorar ɓangare na uku (wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna) ta motar gida naira 15,000 ne, da can 5,000, to duk ɗan kamashon da ya tare ka a bakin ofishin lasin ya ce kawo dubu uku ko biyar yanzu-yanzu a bugo maka, wallahi takardar nuna wa ɗan sanda kawai ya sayar maka, kuɗinka bai taɓa shiga asusun kamfani ba, kuma ƙa'idar ita ce in kuɗi bai shiga ba to babu biyan diyya. Ka shiga askniid.org a wayarka ka sa lambar motar, in ta gaske ce sunan kamfanin zai fito. In ya fito suka ci gaba da yi maka hanya-hanya, sai ka rubuta wa NAICOM ka haɗa da kwafin takardar, rasit, rahoton 'yan sanda da hotunan motocin biyu.

Batun taka motar kuwa a'a. Wannan inshorar wanda ka buga take biya, har naira miliyan 3 a ɓarnar dukiya, kai kuma sai dai ka nufi gareji da aljihunka, sai fa in ka yi babbar wadda ta haɗa har da taka motar, ita kuma ta fi tsada sosai. In kana da ɗar-ɗar ta fuskar addini akwai kamfanonin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, su ma lasisin NAICOM ne a hannunsu, kuma ofishinsu za ka je da ƙafarka ka biya a ba ka rasit.