Ma'anar sunan masarautar Mercia

Ka tambayi ma'anar sunan Mercia, tsohuwar masarautar tsakiyar Ingila. Asalinsa kalmar tsohon Turanci ce, Mierce, wato mutanen kan iyaka, don haka sunan al'umma ne kafin ya zama na ƙasa. Yawancin masana suna ganin iyakar da ake nufi ita ce wadda ta raba su da Birtaniyawan yamma, kakannin mutanen Wales. Kuskuren da na fi ji shi ne danganta sunan da ganuwar kan iyakar Wales ta Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, alhali tun zamanin Penda, wani sarkin Mercia na farko-farko, wanda aka kashe a 655, ana kiransu haka. Idan rubutun digiri kake yi, ka tuntuɓi masanin tsohon Turanci.