Manhaja kaɗai za ta iya fitar mana da tsarin masana'antar?

Tambaya: Injiniya, ina gaisuwa daga Argungu. Muna son ciro furotin daga dusar shinkafa, mai kuɗin ya ba mu wata uku mu kawo tsari. Wani da ya ce shi masani ne ya ce a bar gwaji, manhajar SuperPro Designer, mai kwaikwayon aikin masana'anta a kwamfuta, za ta fitar da komai cikin mako guda. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ƙanena, gara da bai kwanta ba. Hanyar ka san ta: a jiƙa dusa a pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) 9 zuwa 10, a raba tsaki, a saukar da pH kusa da 4.5 furotin ya kwanta, a raba shi da ruwan, a busar. Fara lissafa asara. Matakai biyar, kowanne yana tsirar da kashi 90 cikin 100, kashi 59 za ka tashi da shi. Duk matakin da za ka iya yarwa, yar da shi tun a takarda.

Sai maganar masanin naku, wadda na gaji da ji. Manhajar ba ta da laifi, ni ma ina aiki da ita. Amma abin da ka zuba mata shi take dafawa, ba ta taɓa ganin dusarku ba. Lambar saurin tacewa da mai sayar da matatar tantani yake nuna maka, galibi da ruwa mai tsabta aka auna ta. Zuba mata ruwan dusa mai kauri kamar kunu, ga mai ga sitaci, ka ga yadda take toshewa. Haka santirifuj, injin da ke juyawa da sauri don raba tsaki da ruwa. A na ɗakin gwaji, kwalba ta yi minti ashirin tana juyawa, komai ya kwanta lafiya lau. Babban inji kuwa ruwa wucewa yake yi, yana kuma farfasa curin furotin tun a mashiga. Su waɗannan masanan sun karɓi kuɗinsu sun tafi, kai za a bari da inji yana fitar da ruwa gurɓatacce.

Saurin gaske yana cikin ƙananan gwaje-gwaje. Kwalabe goma sha biyu na mililita 50, pH daban-daban, da dusar da aka ɗebo ranar daga injin casa da ruwan burtsatsenku. Ajiye kwalba ɗaya awa shida cikin zafin Afrilu, kamar an ɗauke wuta, ka shinshina. Kada ka manta dusa tana fara ɗaci jim kaɗan bayan casa saboda enzayim mai farfasa mai, sai an turara ta tukuna. Mako uku sun ishe ka. Lambobin da ka samu, su za ka ba manhajar.