Muryar Kawu a zauren masu karanta littafi: amsar tambayar labarin "da a ce"

Assalamu alaikum. Ɗiyata, na saurari saƙonki, kina tambayar mene ne wannan sifekulatif fikshan da kika gani an rubuta a kan littafi. Ni dai na gane abin da ke damunki, so kike ki ji ko wani baƙon abu ne Turawa suka zo da shi. To ba baƙo ba ne. Labarin "da a ce" ne kawai. Da a ce mutum zai je wata duniyar, da a ce aljani zai yi kasuwanci da mu a Kofar Guga, da a ce Katsina ce bayan shekara 200. Duk labarin da ya tsallake abin da ido ya saba gani, ya shiga wannan rumfar: na kimiyya, na aljanu da tsafi, na ban tsoro.

Yo mu da muka tashi da Gizo da Ƙoƙi? Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934 ya bar yaƙi da Nasara ya faɗa cikin aljanu. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, yaro ya tafi yawon sararin samaniya. Har macijin Kusugu ma... a'a, bari in janye wannan, mutanen Daura tarihi suke ɗaukarsa, kada in jawo rigima.

Amfanin sunan kuwa, wallahi nan ne abin ke ci mani rai. Bara na biya kuɗina na sayi littafi a wani zaure, marubuciyar ta rubuta "soyayya zalla". Na tura wa ƙanwata, tana jego, jaririnta kwana 9, don ta rage zaman ɗaki. Shafi kaɗan sai ga matsafa a maƙabarta, ana yanka baƙin bunsuru. Ƙarfe 2 na dare ta kira ni muryarta na rawa, ta kunna fitila ta rungume yaro, ta ƙi kwanciya har asuba. Littafin ba laifi, ya rubutu, ni da kaina na karance shi. Amma da marubuciyar ta rubuta "ban tsoro" ai da ban tura wa mai jego ba! Na yi mata magana, wai ai soyayya ce ke tafiya a kasuwa. Har yau abin na raina.

Ke dai in kin tashi sakin naki littafin, rubuta "kimiyya da aljanu" a sama, tunda kin ce duka biyun akwai. Turo mani babin farko bayan Isha'i.