Muryar da aka rubuta: batun gidan fiza marar nama

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na ji saƙonki tun ɗazu, ina kan wani abu ne shi ya sa ban amsa ba, kuma ba zan iya dogon rubutu ba, bari in yi miki murya kawai. Kin ce ƙawayenki sun gayyace ki wani gidan fiza da ba sa saka nama ko kaɗan, wai me za ki yi oda. To ni dai na san ki, ba oda ce damuwarki ba, so kike ki ji ko za ki ƙoshi ko kuwa za ki dawo gida kina buɗe tukunya da tsakar dare. Za ki ƙoshi mana, haba. Burodi ne fa da cuku da man zaitun, yanka uku huɗu za ki ji cikinki ya ɗauka.

Abin da nake so ki cire daga ranki shi ne tunanin wai fiza marar nama fiza ce da aka rage wa wani abu. Ba haka ba ne wallahi. A birnin Napoli na Italiya inda abin ya samo asali, guda biyun da suka fi ɗauka da daraja duk babu nama a ciki. Akwai Marinara, ita tumatir ce da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi oregano, ko cuku babu. Sai Margherita, tumatir da cukun mozzarella da ganyen basil, shi ɗin dangin ɗoɗɗoya ne. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1889 wani mai gasa fiza Raffaele Esposito ya yi ta don sarauniyar Italiya Margherita, ja da fari da kore kamar tutar Italiya. Masu tarihi dai suna ta ja-in-ja a kan labarin, ni ba ruwana da rigimarsu, ita fizar tana da daɗi. Har UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, a 2017 ta saka sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin al'adun gado na duniya, to kin ga ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka Margherita za ki ce a ba ki. Shi ke nan. A nan ake gane gidan da ya iya da wanda bai iya ba, don babu abin da za su ɓoye a ƙarƙashinsa, in kwaɓin fulawar bai tashi da kyau ba za ki ji, in tumatirin ya yi tsami da yawa za ki ji.

Kar ki yi kuskuren da na yi, har yau abin na ci min rai. Na taɓa shiga irin wannan gidan, yunwa na cina, na ga wata a jerin abincinsu wai ta haɗa komai, sai kwaɗayi ya ce min tunda babu nama gara in rama da kayan lambu. Tattasai, albasa, masara, alayyafo, zaitun, gauta, naman kaza... kar ki ji na ce naman kaza ki ce na yi ƙarya, laimar kwaɗi nake nufi, suna ne kawai. Yaron da ke kawo abinci ma har da zuga ni, wai ita ce aka fi saya. Da aka kawo ta, ƙanwata, na ɗaga yanka ɗaya sai komai ya sulale ya zube a faranti, tsakiyar ta jiƙe sharkaf kamar an wanke ta, bakin kuma ya bushe ƙayau. Na kira yaron na nuna masa, wai haka take. Haka take? Kuma na biya kuɗina cif, har da ƙarin kuɗi a kan kowane abu da aka ɗora. Daga baya na gane dalili, ita laimar kwaɗi kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ce, alayyafo ma haka, in ba a ɗan soya su ko an gasa su tukuna ba to cikin tanderu za su saki ruwan nan duka a kan fizar. Kuma irin ta Napoli a wuta mai zafin sama da digiri 400 ake gasa ta, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi an fitar, yaushe ruwan zai ƙafe? Shi wannan yaron da ya ce min "haka take", da ma ya ce a yi haƙuri ai da ya wuce, amma ya tsaya yana kallona kamar ni ce na kwaɓa... kai, bar shi kawai.

In kina son ƙari a kan Margheritar, biyu sun isa, misali tattasai gasasshe da zaitun. Kar ki wuce biyu.

Af, tsaya, in gyara wata magana. Na ce babu nama ko kaɗan, to akwai ɗan abin lura a wajen cuku. Shi cukun Parmigiano na asali, wanda suke barbaɗawa a sama, da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, shi ya sa masu gudun nama na gaske ba sa cin sa. Gidan da ya san aikinsa zai yi amfani da wanda ba na dabba ba, amma ki tambaya, tambaya ba ta cizo. Sannan ki bambance tsakanin marar nama da wanda suke kira bigan. Shi bigan ko madara ko ƙwai babu, cukunsu daga man kwakwa ko kashu ake haɗa shi, narkewarsa daban ce, yana ɗan manne wa haƙori. Ni bai yi min ba, amma wasu suna so, don haka ki duba da kyau kar ki yi oda ki zo kina ɓata fuska a gaban mutane.

Ku nawa ne ma za ku? In kun kai huɗu kar kowa ya sayi tasa shi kaɗai, ku ɗauki iri uku ku ajiye a tsakiya kowa ya ɗanɗana. Kuma da hannu za ki ci, ki ɗan naɗe yankan gida biyu, ba wanda zai kalle ki, ba gidan cokali da wuƙa ba ne. Ki ci da zafinta, in ta huce cukun ya zama roba. In an ce a sa abarba kuma... a'a, wannan rigimar ba zan shige ta yanzu ba, cajina ya kusa ƙarewa. In kin dawo ki turo min hoton tsakiyarta in gani ko ta jiƙe.