Hukuncin Alwala da Sallar Mai Jakar Fitsari a Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga Agege nake rubutowa. An cire wa Babanmu mafitsara saboda ciwon daji, aka huda masa ciki aka liƙa jaka, fitsari na zuba a cikinta dare da rana. Tun da aka sallamo shi bai ƙara taka masallaci ba, wai yana ɗauke da najasa. Yaya alwalarsa da sallarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri.

Ɗana, ka gaya wa Baba sallarsa ingantacciya ce da jakar a jikinsa, a ɗaki ko a sahu.

A irin wannan aiki, yawanci guntun ƙaramin hanji likitoci ke haɗawa da hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, su fito da bakinsa ta fatar ciki. Wurin ba shi da tsokar riƙewa, don haka fitar ba da ikonsa ba ce. Wannan shi ne salasi, wato yoyon fitsari. A mazhabar Imam Malik, yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, balle wanda ba ya yankewa. Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala cewa an so mai yoyo ya yi alwala ga kowace sallah. So ne, ba dole ba. Wasu mazhabobin sun wajabta ta bayan shigar kowane lokaci, bisa hadisin Fatima bint Abi Hubaish, sahabiyar da ta yi fama da yoyon jinin istihala. In ba zai wahala ba, ya yi hakan.

Najasar da ke cikin jakar kuwa an yafe ta, domin kauce mata ya gagara. Allah ya ce a Suratul Hajji, aya ta 78, bai sanya muku ƙunci a addini ba. Limanci kawai zai bar wa masu lafiya, don makaruhi ne.

Abin da ke kanku shi ne tsabta. A zubar da fitsarin kafin sallah, kuma kada a bari jakar ta wuce rabi, nauyi na ɓamɓaro ta. Zafin Legas da gumi suna saurin sassauta mannin jakar, sai a busar da fatar sosai kafin a liƙa sabuwa. In za shi Juma'a ko zai shiga danfo, wato motar haya, ya riƙe wata jakar da riga, kun san cunkoson garin nan. Wajen wanka ba sai an cire ta ba, ya shafa a kan mannin kamar yadda ake shafa a kan ɗauri.

Ina roƙonku, kada ya rage shan ruwa don gudun cikar jaka, ƙodarsa zai cutar. 'Yar majina a fitsarin daga hanjin take, ba komai. Amma zazzaɓi, ciwon kwiɓi, ko bakin hudar ya yi baƙi, a garzaya asibiti. Azumi ma sai likitansa ya amince.

Wallahu a'alam.