Ɗan Kadangare Mai Gemu A Gidan Da Ke Da Yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A Ingila muke zaune. Maigidana ya sayo wa ɗanmu mai shekara 9 ɗan kadangare mai gemu, tsawonsa bai fi tafin hannu ba. Kullum yaron sai ya ce zai ɗauke shi, ƙanwarsa 'yar shekara 3 ita ma tana miƙo hannu. Hankalina bai kwanta ba. Yaya za mu yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da ƙanwar, don ita ce ta fi damuna. Wannan kadangare kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsa da fatarsa ko da lafiyarsa ƙalau, ita kuwa tana jawo gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce kada yaron da bai kai shekara 5 ba ya taɓa irin waɗannan dabbobi. Ta riƙa kallonsa ta gilashi kawai. Yayanta kuma da ya ajiye shi ya wanke hannu da sabulu, ba sumbata, ba shiga kicin da shi, kuma kada a wanke kwanonsa inda kuke wanke-wanke.

Asalinsa daga busassun yankunan Ostareliya yake, inda tsuntsaye masu farauta ke kawo masa sura. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan ɗigo mai gane haske da inuwa, shi ya sa idan hannu ya sauko masa ta sama sai ya firgita. Yaron ya kawo hannu ta gefe a hankali, ya zura tafinsa ƙarƙashin cikinsa, ƙafafu huɗun duka su samu wurin takawa. Kada ya matse shi, kada kuma ya kama wutsiya. Tsaka idan ta yar da wutsiyarta wata na fitowa. Shi tasa in ta gutsure ta tafi ke nan.

Tun da sabo ne, a bar shi mako ɗaya zuwa biyu ya saba da wurin. Bayan haka minti 5 a rana ya isa, yaron yana zaune a ƙasa, don ƙananan suna da zillo kuma faɗuwa daga sama na iya karya su. Idan ya buɗe baki, gemunsa ya kumbura ya yi baƙi, tsoro yake ji, a mayar da shi kejinsa. Kada a ɗauke shi da ya gama cin abinci, a bar shi ƙarƙashin fitilarsa ya sha ɗumi. Allah Ya raya mana su.