Amsa ga Jikata Kan Dare Kafin Zuwan Lantarki

Jikata, saƙonki ya iso, kuma na ga tambayarki kan dalilin da ya sa tsofaffi irina suke kwanciya da wuri, suke kuma yawan ɗaga kai su dubi wata alhali ga wuta tana ci a ɗaki. Abin da ya kamata ki fara sani shi ne, a da haske abin tattali ne, ana auna shi kamar yadda ake auna hatsi, domin sau da yawa man da za a zuba wa fitila shi ne man da za a yi girki da shi.

Na tashi na tarar da aci-balbal, wato ɗan kasko da mai a ciki da lagwanin auduga kwance a bakinsa. Haskenta bai cika wuce inda hannu zai kai ba, iska kaɗan take kashe ta, kuma wanda ya daɗe kusa da ita yakan wayi gari da baƙin hayaƙi a hanci. Saboda haka gida guda yakan taru a kan fitila ɗaya, a ajiye duk aikin da yake buƙatar ido sai gari ya waye, a ɗauki wanda hannu ya riga ya haddace, kamar kaɗin zare da tufkar igiya. Baki kuwa ba ya buƙatar haske, shi ya sa hira da ba da labari suka zama aikin dare a kusan kowace al'umma. Ita kanta wutar ba a barin ta ta mutu, domin ashana ba ta samu ba sai wajen 1826 a Ingila. Kafin nan ko dai a yi ta fama da ƙyastu, ko a binne garwashi cikin toka ya kwana da rai.

Wata kuwa shi ne babbar fitilar kowa, ba a sayen masa mai. Mutane sun san cewa kowane dare yakan yi jinkirin fitowa da kusan minti 50, don haka tafiya da taro da wasan yara duk ana ɗora su a kan kwanakin farin wata. Har a birnin Birmingham na Ingila, a ƙarni na 18, akwai ƙungiyar masana da take zama lokacin cikar wata kawai don mambobinta su ga hanyar komawa gida. Idan duhu ya kankama, tsoron ɓarawo da maciji da rami ya isa ya zaunar da mutum.

Barcin ma ba a miƙe ake yin sa ba. Masana tarihi sun samu a tsofaffin rubuce-rubucen Turai ana ambaton barcin farko da na biyu, wato mutum ya farka a tsakar dare ya yi addu'a ko ya duba dabbobi, sannan ya koma. Ni ma har yau haka jikina yake yi, kuma ban taɓa ɗaukar sa ciwo ba.

Kananzir ya yaɗu bayan an haƙa rijiyar mai a Amurka a 1859, ƙwan lantarkin da wani Ba'amurke mai suna Edison ya ƙera ya biyo baya a 1879, amma ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya kai gidajen talakawa. Ranar da fitilar ƙwai ta shigo gidanmu, ni aka ɗora wa goge gilashinta kowace yamma, kuma na sha faɗa ranar da na fasa shi.